Tayirod da Cutar Mantuwa: Yadda Za Ka Bi Diddigi Idan Tsohuwarka Ta Fara Ruɗewa

A ce mahaifiyarka ta haura shekara 70, kuma a 'yan watannin nan ka ga ta sauya. Ka yi mata tambaya ta zuba maka ido, sai can ta amsa da wata murya mai kauri da ba ka san ta da ita ba. Kowa yana fifita, ita tana ƙudundune cikin bargo. Ta ajiye makulli ta manta inda ta sa, ta ce ba a ba ta magani ba alhali yanzu ta haɗiye shi. 'Yan'uwa sun riga sun yanke hukunci: gigin tsufa ne, sai haƙuri.

Wataƙila sun canka daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu cutar Alzheimer ce, wadda har yau ba a samo abin da ke warkar da ita ba. Amma kama da wane ba ta wane. Akwai 'yan cututtukan da ke aron rigar cutar mantuwa su sa, kuma matsalar tayirod na sahun gaba a cikinsu. Gwajin jini ɗaya ke tona asirinta. Abin da ke tafe na mai jinya ne: me zai lura da shi, me zai tambayi likita, yaya zai karanta takardar sakamako, kuma a ina zai taka burki. Taka burkin nan kada a raina shi, domin maganin tayirod idan ya yi yawa shi ma yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Me ya haɗa wuya da ƙwaƙwalwa?

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tana ɗibar ayodin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, da hanzarin tunani. Akasarin abin da take fitarwa T4 ne, sai sassan jiki, har da ƙwaƙwalwa, su juya shi zuwa T3, wanda shi ne ke ainihin aikin.

Tana da ubangida. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata ƙaramar halitta da ake kira fituwitari, wadda ke aika mata umarni ta wani sinadari mai suna TSH. Idan T4 ya yi ƙasa a jini, ubangidan sai ya ɗaga murya, TSH ya hau. Idan T4 ya yi yawa, sai ya yi gum, TSH ya faɗi. Wannan juyin ne ke rikita mutane idan suka karɓi takarda, don haka ka riƙe shi da kyau: TSH mai yawa yana nuna tayirod ta gaza, TSH da ya faɗi yana nuna ta wuce gona da iri.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa gazawarta na taɓa hankali. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata da ciwon ya ci ƙarfinta allurar ruwan tayirod na tunkiya. Ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1949 kuma Richard Asher, likita a Landan, ya wallafa bayanin majinyata 14 da ciwon ya kai su ga taɓin hankali, kuma akasarinsu sun dawo hayyacinsu bayan an ba su maganin tayirod. Daga irin waɗannan ne gwajin tayirod ya zama cikin gwaje-gwajen farko da ake yi wa duk wanda aka kai asibiti da matsalar mantuwa.

Mataki na 1: ka rubuta abin da idonka ya gani

Samu ɗan littafi. Abu na farko da za ka rubuta shi ne lokacin da abin ya fara. Cutar Alzheimer tana rarrafowa ne cikin shekaru, har iyali su kasa tuna farkonta. Ta tayirod takan bayyana cikin watanni, kuma tana zuwa da rakiyar alamomin jiki.

Idan gazawa ce, ga abin da ake gani: jin sanyi, yawan barci da rana, kasala, taurin bayan gida, bushewar fata, zubar gashi har da na gefen gira, kumburin fuska musamman kewayen ido, ƙarin nauyi ba tare da ƙarin ci ba, dushewar murya, da raguwar ji. Matsalar ita ce rabin waɗannan kowa zai ce tsufa ne. Abin lura shi ne taruwarsu lokaci guda a jikin wanda bara ba haka yake ba.

Idan yawa ne, matashi za ka gan shi da zufa, rawar hannu, rashin natsuwa, wani lokaci idanu a waje. Tsoho kuwa yakan zo da akasin haka, abin da likita Frank Lahey na birnin Boston ya bayyana tun 1931: mutum ya yi shiru, ya daina sha'awar komai, ya rame, ya ƙi abinci, zuciya na bugawa barkatai. Irin wannan ana yawan ɗaukarsa ciwon damuwa ko mantuwa, ko ma a shiga neman sankara saboda ramar.

Akwai abubuwa uku da za ka iya yi da kanka. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta tana zaune, ka ƙirga bugu na minti ɗaya cif, ka rubuta lambar, ka kuma rubuta ko bugun na tafiya a jere ko yana tsallake. Sannan ka ba ta ruwa ta kurɓa, ta ɗan ɗaga haɓa, ka kalli ƙasan maƙogwaro yayin da take haɗiyewa, ko akwai kumburi ko ƙullutu da ke hawa da sauka. Na uku, faɗa mata abubuwa uku, a ce kujera, agogo, takalmi. Ja ta da wata hira na minti 5, sai ka tambaye ta. Idan ta kasa, ka ɗan buɗe mata hanya: "Mama, ɗaya ana sa shi a ƙafa." Mai gazawar tayirod sau da yawa abin na nan a ajiye, lalubo shi ne ke mata nauyi, da ka taimaka sai ta ce takalmi. Mai Alzheimer kuwa tun farko abin bai zauna ba, takan ma ce ba ka faɗa mata komai ba. Wannan bai isa yanke hukunci ba, bayani ne kawai da za ka kai wa likita.

Akwai halin da ba a tsayawa rubutu. Ruɗewar da ta faɗo cikin awanni ko 'yan kwanaki, ko jiki ya yi sanyi ƙalau ga barcin da ake tashinta da ƙyar ga numfashi sama-sama, ko zazzaɓi mai zafi da bugun zuciya kamar za ta fito da fizge-fizge: a wuce sashen gaggawa nan take.

Mataki na 2: ka kwashe magunguna kaf a jaka ɗaya

Kaf na ce, har da waɗanda ta saya da kanta da na ƙarin kuzari. Ka zazzage su a teburin likita. Amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, cike yake da ayodin, yana iya kashe kaifin tayirod, yana kuma iya zaburar da ita. Lithium, da ake ba masu wata lalurar taɓin hankali, yakan raunana ta. Biotin, wanda ake sha don gashi da farce, ba ya taɓa tayirod ɗin kanta amma yana yaudarar na'urar gwaji ta fitar da sakamakon ƙarya, shi ya sa ake dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin ɗibar jini. Magungunan barci da wasu na mura da na riƙe fitsari su ma suna ruɗa tsofaffi, ba ruwansu da tayirod.

Ka kuma binciko tarihi. An taɓa yi mata tiyata a wuya? An taɓa ba ta ayodin mai tururin nukiliya, ko an gasa mata wuya saboda sankara? Akwai masu ciwon tayirod a dangi? Wani lokaci amsar duka na cikin wani tsohon kati: an ɗora ta a kan maganin tayirod shekara 15 da suka wuce, ya ƙare, ba wanda ya sake saye.

Mataki na 3: a gaban likita

Je da wanda ya fi zama da ita, domin tsohuwa takan ce lafiyarta lau. Likita zai yi mata ɗan gwajin ƙwaƙwalwa, galibi mai maki 30, irin MMSE ko MoCA: yau wace rana, zana agogo ki sa hannayensa a kan ƙarfe kaza, maimaita waɗannan kalmomi. Rubuta makin da ta ci da kwanan wata, za ka buƙace shi nan gaba.

Sannan ka tambaya kai tsaye, cikin ladabi: "Likita, za a duba mata tayirod kuwa?" Abin da ake fara aunawa TSH ne, idan ya kauce sai a ƙara da T4, wani lokaci da T3. A jini ɗaya ake duba bitamin B12, sukari, kalsiyam, yawan jini, aikin ƙoda da hanta, domin kowannensu na iya dagula tunani. Abu ɗaya: idan tana kwance da wani ciwo mai tsanani, kamar ciwon huhu, lambobin tayirod sukan hargitse na ɗan lokaci ba tare da tayirod ɗin na da laifi ba. Sai dai in likita na zargin ita ce ta kwantar da ita, gara a bari ta warware da 'yan makonni.

Mataki na 4: karanta takardar

Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar TSH tsakanin 0.4 da 4.0 a matsayin daidai, da ɗan bambanci daga wuri zuwa wuri. Iyakar da aka buga a gefen takardarku ita za ka bi.

Idan TSH ya hau sosai kuma T4 ya faɗi, gazawa ce bayyananna. A ƙasashen da ayodin ya wadata, babban dalilinta shi ne garkuwar jiki ta juya tana cin tayirod, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. A inda ayodin ya yi ƙaranci, ƙarancin ne kan gaba. Nan babu gardama, magani za a fara, kuma a nan ne ake da kyakkyawan fatan tunani ya washe.

Idan TSH ya faɗi ƙasa warwas kuma T4 ko T3 ya hau, yawa ne bayyananne. Ko cutar Graves, inda garkuwar jiki ke zaburar da tayirod, ko ƙullutai a cikin tayirod da suka daina jin umarni, wanda ya fi yawa ga tsofaffi, ko kuma maganin da take sha ne ya yi mata yawa. Shi ma ba a barinsa. Ana danne shi da ƙwayoyi irin carbimazole ko methimazole, ko ayodin mai tururi, ko tiyata. Duk wanda ke shan waɗannan ƙwayoyi ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata ya je a auna jininsa a ranar, domin jefi-jefi suna karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.

Inda ake tafka muhawara shi ne tsaka-tsaki: TSH ya ɗan hau, a ce 5 ko 6 ko 7, amma T4 na nan daidai. Wannan ya zama ruwan dare ga tsofaffi, kuma a nan iyalai ke matsa wa likita lamba ya rubuta magani. Ka yi haƙuri ka ji. Da farko, TSH yana ɗan hawa da shekaru, lambar da za ta zama matsala ga ɗan shekara 30 tana iya zama daidai ga ɗan 85. Na biyu, sau da yawa lambar na komawa daidai da kanta. A wani babban gwaji mai suna TRUST, da aka yi a ƙasashen Turai aka wallafa a 2017, kusan kashi 60 cikin 100 na tsofaffin da aka sake aunawa an tarar TSH ɗinsu ya daidaita ba tare da magani ba. An ɗauki mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda nasu ya ƙi sauka, aka ba rabi levothyroxine, maganin gazawar tayirod, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. Bayan shekara guda lambar masu shan maganin ta yi kyau a takarda, amma gajiyarsu da sauran alamominsu ba su bambanta da na ɗaya rukunin ba, gwajin hanzarin tunani ma bai nuna wata riba ba. Don haka abin da ya dace shi ne a sake gwaji bayan wata 2 zuwa 3. Galibi sai TSH ya kai 10 ko ya wuce, a gwaji biyu, ake maganar fara magani.

Ɗaya tsaka-tsakin, wato TSH ya faɗi amma T4 da T3 na daidai, ni ya fi ɗaga mini hankali. Binciken Rotterdam na ƙasar Holan ya ruwaito a 2000 cewa tsofaffi masu irin wannan sakamako haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya ninka fiye da sau uku. Akwai kuma hanyar da ba a musunta: faɗuwar TSH na ƙara haɗarin hargitsewar bugun zuciya, hargitsewar na haifar da gudan jini, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, wanda shi kansa babbar ƙofa ce ta mantuwa. Faɗuwar TSH ɗin tana kuma tafiya da zaizayewar ƙashi.

To shin ciwon tayirod na haddasa cutar mantuwa ta dindindin? Masu bincike ba su yi baki ɗaya ba. Binciken Framingham na Amurka ya gano a 2008 cewa matan da TSH ɗinsu ke can ƙasa ko can sama sun fi kamuwa da Alzheimer, amma bai ga haka ga maza ba. Wani bincike kan bayanan majinyata a Taiwan, a 2022, ya ce 'yan shekara 65 zuwa sama masu tarihin gazawar tayirod haɗarinsu ya ƙaru da kashi 81 cikin 100. Sai dai a 2021 an haɗa bayanan mutum sama da 74,000 daga bincike 23, ba a ga wata alaƙa tsayayya tsakanin ƙananan matsalolin tayirod da mantuwa ba. A ganina, ganin abu biyu a jiki ɗaya bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Dukansu cututtukan tsufa ne, dukansu sun fi kama mata, kuma wanda ke yawan zuwa asibiti shi aka fi gano masa komai.

Ga wata magana mai ɗaci da gara ka ji ta tun yanzu. A 2003 likita Mark Clarfield ya tattara bayanan majinyata sama da 5,000 masu cutar mantuwa. Kusan kashi 9 cikin 100 an same su da wani dalili da ake ganin zai gyaru, amma waɗanda tunaninsu ya dawo a zahiri ba su kai kashi 1 ba. Ma'ana, mutum na iya samun gazawar tayirod da Alzheimer a tare. A gyara tayirod, ta daina jin sanyi, barcin rana ya ragu, magana ta sake, amma mantuwar ta ci gaba. Ko hakan ma riba ce babba ga ita da mai jinyarta.

Idan kuwa TSH ya fito daidai, kusan an wanke tayirod. Kada ka nemi a ba ta maganin don gwaji.

Mataki na 5: shan maganin yadda ya kamata

Levothyroxine kwafin T4 ne. Ga tsofaffi da kaɗan ake farawa, maikrogiram 25 zuwa 50 a rana, ƙasa da haka ma ga mai ciwon zuciya, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Zuciyar da ta saba tafiyar hawainiya idan aka zabure ta lokaci guda tana iya ba da matsala. Idan aka fara sai ta ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya ya rikice, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.

Ana sha da ruwa zalla, ciki wayam, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da magungunan ƙwannafi suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini, don haka a raba su da awa 4. Tsofaffi da yawa na shan duka ukun, kuma a tafin hannu ɗaya ake zuba musu da safe. Sai a ga TSH ya ƙi sauka, likita ya yi ta ƙara magani, alhali gyaran jadawali kawai ake buƙata.

Maganin yana daɗewa a jiki, kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa ba a sake gwaji sai bayan mako 6 zuwa 8 da farawa ko da sauya adadi. Jiki kan riga ƙwaƙwalwa samun sauƙi, tunani na iya ɗaukar watanni.

Mataki na 6: bibiya, da tsaron yawan magani

Da TSH ya daidaita, gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane na sakaci da wannan. Adadin da ya dace da ita tana shekara 55 yana iya yi mata yawa tana 78, musamman idan ta rame, domin buƙatar jiki na raguwa da tsufa. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun duba bayanan tsofaffi kusan 66,000 suka wallafa a 2023 cewa waɗanda sinadarin tayirod ya yi wa yawa sun fi samun matsalar ƙwaƙwalwa da kashi 39 cikin 100, kuma da yawansu daga magani yawan ya fito. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Idan ka ga TSH ɗinta ya sauka ƙasa da iyaka tana kan levothyroxine, ka tambayi likita ko lokacin ragewa ya yi. Kada ka rage da kanka, kada kuma ka tsayar.

Bayan wata 3 zuwa 6 da daidaituwar TSH, a maimaita gwajin nan mai maki 30, a kwatanta da lambar da ka rubuta. Idan makin ya hau, madalla. Idan ya tsaya ko ya sauka, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko na tsofaffi, wataƙila a ɗauki hoton kai. Akwai wata lalura da ba kasafai ake ganinta ba, mai alaƙa da cutar Hashimoto, wadda aka fara bayyanawa a 1966: tunani ya rushe cikin makonni, ga zabura ko farfaɗiya, kuma TSH na iya fitowa daidai. Tana jin maganin sitiroyid, mai kwantar da garkuwar jiki, don haka duk mantuwar da ke gudu da irin wannan sauri ta cancanci ganin ƙwararre da wuri.

Saura wa zai riƙa ba ta ƙwayar. Mai mantuwa ko ta tsallake kwana uku, ko ta sha sau uku a safiya ɗaya don ta manta ta sha. Nemi akwatin magani mai ramuka 7, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin cika shi duk mako, a ajiye shi da kofin ruwa a inda za a ba ta da zarar ta farka. Tsallake rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, tunda maganin na daɗewa a jini. Amma idan ranar Laraba ka buɗe ka tarar ramin Alhamis da na Juma'a wayam, akwatin ya bar ɗakinta daga ranar, ka ƙirga bugun zuciyarta, ka kira likita ka gaya masa ƙwaya nawa ta sha.